Agogon aljihu mai shekara 100 yana tafiya, wayar shekara 5 ta kwanta: me ya sa ake rububin tsofaffin kayan gyaran agogo?

Duk wanda ya taɓa kai waya wurin gyara ya san maganar da ke kashe jiki: "Babu kayanta." Sau da yawa wayar ba ta wuce shekara huɗu ko biyar ba. Allonta ne ya fashe ko batirin ya kumbura, amma kamfanin ya daina fitar da kayan, ko kuma kuɗin gyaran ya kusa kamo kuɗin sabuwa. A daidai wannan zamanin, a Amurka da Birtaniya da Jamus da Suwizalan akwai mutanen da ke sayen agogon aljihu da aka ƙera tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, su kwance shi guntu-guntu, su wanke, su sa mai, su mayar, ya ci gaba da ba da lokaci kamar jiya aka fito da shi daga masana'anta.

Masu wannan sha'awa ba a agogon kaɗai suke tsayawa ba. Da yawansu sun fi zafi wajen farautar tsofaffin kayan aikin da aka yi gyaran da su: ƙananan injinan sassaƙa, akwatunan katako cike da sandunan ƙarfe, hantsakai, da wasu na'urori na tagulla da wanda bai sani ba zai ɗauka kayan ado ne. Dalilin yana da sauƙi. Yawancin kamfanonin da suka ƙera agogunan sun rufe tun da daɗewa, don haka abin da ya rage tsakanin agogon da kwandon shara shi ne kayan aikin nan da kuma hannun da ya iya riƙe su.

Abin da ke cikin agogon da ba shi da batir

Ƙarfin agogon aljihu daga yatsun mai shi yake fitowa. Idan aka wana shi, ana naɗe wani dogon sifirin ne mai kama da zirin ƙarfe a cikin ɗan gwangwani. Sifirin ɗin yana neman warwarewa, sai ya tura jerin fayafai masu haƙora, kowanne yana juya na gaba da shi. Da za a bar su haka, cikin 'yan sakanni ƙarfin zai ƙare. Abin da ke hana hakan shi ne wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke tare faifai na ƙarshe, ya sake shi haƙori ɗaya, ya sake tarewa. Ƙarar tik-tik da ake ji ita ce ƙarar wannan tarewa da sakewa.

Wanda ke ba wannan ɗan ƙarfe umarni shi ne zoben lilo, wato wani zobe da ke juyawa dama ya dawo hagu, a ɗaure da siririn sifirin mai kama da gashi. A yawancin agogunan aljihu zoben yana bugawa sau 18,000 a awa. Sau biyar ke nan a kowane sakan, sau 432,000 a kwana ɗaya. Duk wannan aiki yana tsaye ne a kan wata 'yar sanda da ke tsakiyar zoben, wadda tsinin kowane gefenta bai wuce kaurin gashin kai ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Mai karatu ya riƙe wannan tsini a ransa, domin kusan rabin kayan aikin da za a yi bayani a gaba saboda shi aka ƙirƙire su.

Tsinin yana juyawa ne a cikin ramin wani ɗan jan dutse, yakutu. Shi ya sa ake ganin an rubuta adadin duwatsu a jikin injin, 7 ko 15 ko 17 ko 21. Aikinsu rage gogayya, kamar yadda boris ke yi a ƙafar babur. An fara wannan dabara a Landan a 1704, kuma tun bayan da Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana hanyar haɗa yakutu a ɗakin gwaji a 1902, duwatsun suka koma na haɗi, masu araha. Saboda haka wanda ya ce a sayi agogo da tsada don "akwai lu'ulu'u a ciki" ko dai bai sani ba, ko yana so ya yi wa mai saye wayo.

Yadda Amurka ta mayar da agogo abin da ake iya canja wa kaya

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, kusan kowane agogo da hannu ake daidaita kayansa. Faifan wannan ba zai shiga wancan ba ko da hannu ɗaya ne ya yi su. Wani Ba'amurke mai suna Aaron Dennison ya lura da yadda masana'antar bindiga ta gwamnati da ke Springfield ke ƙera kayan bindiga iri ɗaya da injina, sai ya ƙudura yin haka da agogo. Shi da abokan kasuwancinsa suka kafa kamfani a 1850, suka koma garin Waltham na jihar Massachusetts a 1854. Kamfanin ya karye a farko, wasu suka saye shi, amma tunanin ya rayu. Kafin Waltham ya rufe a 1957 ya fitar da agoguna kimanin miliyan 40. Kamfanin Elgin da aka kafa a 1864 kusa da Shikago ya fitar da kimanin miliyan 60.

A baje kolin da aka yi a Filadelfiya a 1876, wakilan Suwizalan suka ga injinan Waltham suna aiki, hankalinsu ya tashi. Injiniyan kamfanin Longines, Jacques David, ya rubuta rahoto yana gargaɗin mutanensa cewa idan ba su koma ga injina ba, kasuwa za ta kuɓuce musu. Sun ji gargaɗin kuwa.

Abin da ya fi muhimmanci ga masu tara agogo a yau shi ne yadda waɗannan kamfanoni suka ɗauki mai gyara a matsayin abokin hulɗa. Kowane inji yana da lambarsa. Kowane ɗan guntu yana da lamba a kundin kaya. Mai gyara a ƙauye zai duba kundi, ya aika wasiƙa, a aiko masa da sandar lilo ko sifirin ta gidan waya. Ba ko yaushe kayan ke shiga daidai ba, wani lokaci sai an ɗan goge, amma tsarin ya yi aiki. Har yau, da lambar da ke jikin injin Waltham ko Elgin ko Hamilton, mutum zai iya gano ajinsa da kusan shekarar da aka yi shi cikin minti ɗaya a wayarsa, kusan yadda ake bincikar waya da lambar IMEI.

Minti huɗu da suka ci rayuka takwas

Agogunan da masu tarawa suka fi nema a Amurka su ne na ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma akwai labari a bayan hakan. A wancan lokacin dogo ɗaya jirage biyu ke bi, mai zuwa da mai dawowa. Babu rediyo a jirgi, balle wayar hannu. Abin da ke hana karo shi ne jadawali da agogon direba: dole wannan ya kauce zuwa gefen dogo a tasha kaza kafin ƙarfe kaza.

A watan Afrilun 1891, a ƙauyen Kipton na jihar Ohayo, jirgin wasiƙu mai gudu ya yi taho-mu-gama da jirgin fasinja. Mutum takwas suka mutu, direbobin biyu da ma'aikatan gidan waya. Labarin da ya shahara shi ne agogon ɗaya daga cikin direbobin ya tsaya na minti huɗu sannan ya ci gaba, shi kuwa ya ɗauka yana da sauran lokaci. Kamfanin jirgin ya ɗauko wani mai sayar da agogo a birnin Cleveland, Webb C. Ball, ya ɗora masa alhakin binciken agogunan ma'aikata.

Kowane kamfanin jirgi yana da nasa ƙa'idoji, kuma sun yi ta tsananta da shekaru, amma a ƙarshe sun haɗu a kan wasu abubuwa. Agogon kada ya yi gaba ko baya fiye da sakan 30 a mako. Mako yana da sakan 604,800, wato kuskuren da aka yarda da shi bai wuce ɗaya cikin dubu ashirin ba, daga na'urar da sifirin ke turawa, a aljihun mutumin da jirgi ke jijjigawa dare da rana. Ya kasance yana da duwatsu aƙalla 17. A daidaita shi a kwanciya biyar daban-daban, domin nauyin zoben lilo yana sa agogo ya canja gudu tsakanin kwance da tsaye. A daidaita shi da zafi da sanyi. Fuskarsa fara, lambobi baƙaƙe manya, babu marfi.

Akwai wata ƙa'ida da masu waya za su fahimta nan take. A agogon jirgi ba a iya canja lokaci da jan maɓallin sama. Sai an kwance zoben da ke riƙe gilashin, a jawo wani ɗan ƙarfe da farce, sannan hannayen su motsa. An yi haka ne don kada agogon ya goga a aljihu lokaci ya canja ba a sani ba. Makullin allo ke nan irin na 1890. Ma'aikaci da kuɗinsa yake sayen agogon, yana kai shi wurin mai binciken da kamfani ya amince da shi a kai a kai, ana rubuta sakamako a katin da yake yawo da shi.

Wanda ya fi suna cikin wannan aji shi ne Hamilton 992B, mai duwatsu 21, da aka yi daga 1940 zuwa 1969 a Lancaster ta jihar Pennsylvania, fiye da rabin miliyan. Siririn sifirinsa an yi shi da haɗin ƙarfe irin na Elinvar, wanda zafi da sanyi ba su cika canja ƙarfinsa ba. Wanda ya gano wannan haɗin, Charles Édouard Guillaume ɗan Suwizalan, ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1920.

Kayan aikin da ake nema

A koma ga tsinin nan mai kaurin gashi. Dabarar kare shi daga faɗuwa, wadda ta shahara da sunan Incabloc, ta fito ne a 1934, kuma mafi yawan agogunan aljihu ba su da ita. Faɗuwa ɗaya daga tebur ta isa ta karya shi. Wannan ita ce fashewar allo ta wancan zamanin, matsalar da mai gyara ke gani kullum.

Don cire karyayyiyar sanda a sa sabuwa, ana amfani da akwatin taɓare. Wani ɗan turmi ne na ƙarfe mai faifai a ƙasa cike da ramuka, da hannu a sama mai rami ɗaya da ke riƙe taɓarya a miƙe. Taɓaren kuwa sandunan ƙarfe ne masu kaurin fensir, wasu akwatunan suna ɗauke da fiye da ɗari, kowace da irin bakinta: mai faɗi, mai zagaye, mai rami, mai tsini. Mai gyara ya zaɓi wadda ta dace, ya ɗora a kan sandar, ya buga da ƙaramar guduma. Wanda aka fi nema shi ne na kamfanin Kendrick & Davis da ke Lebanon ta jihar New Hampshire, wanda ake taƙaitawa K&D, sai na G. Boley na Jamus. Mai saye na ƙwarai ba kyawun akwatin yake fara dubawa ba. Yana ƙirga taɓaren, yana duba bakinsu da gilashi, domin sau da yawa ƙananan da aka fi buƙata su ne suka karye ko suka toshe, manyan da ba a cika taɓawa ba suna nan fes.

To idan sandar ba ta samuwa a kasuwa ko kaɗan fa? A nan ne injin sassaƙa ke shigowa, kuma shi ne sarkin teburin mai gyara. Tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Yana kama zaren ƙarfe yana juya shi, mai gyara yana riƙe da ƙarfen yanka a hannu, ido a cikin gilashi, yana fere har sanda ta fito da duk matakanta da tsininta. A ƙarshen shekarun 1880 wasu mutum biyu a Waltham, Ambrose Webster da John Whitcomb, suka fito da samfurin da ya zama ma'auni, ana kiransa WW, mai bakin kamu na milimita 8. Kamfanoni da yawa a Amurka da Jamus suka bi wannan ma'auni, har ta kai bakin kamun wani kamfani yakan shiga injin wani, kamar yadda cajar USB-C ɗaya ke yi wa wayoyi daban-daban. Bakunan kamun nan su ne dukiyar. Injin da babu su kamar waya ce babu caja, kuma cikakken jerinsu kan fi injin kansa tsada.

Bayan an fere tsinin sai a goge shi ya yi santsi kamar madubi, a kan wata na'ura da ake kira Jacot. Ba ta amfani da lantarki. Da ɗan baka mai tsirkiya ake juya ta, hannu ɗaya na jan bakan, ɗayan na goga tsinin da ƙarfe mai santsi. Har yau makarantun koyon agogo a Suwizalan suna koyar da ita, domin gogar tana ƙara wa fatar ƙarfen tauri.

Sauran kayan sun haɗa da manaɗin sifirin, mai mayar da dogon sifirin cikin gwangwaninsa ba tare da yatsa ya lanƙwasa shi ba, da na'urar Seitz ta danna duwatsu cikin raminsu, da ma'aunin cizon haƙora, wanda ake ɗora fayafai biyu a kai a ga ko haƙoransu sun shiga juna daidai. Akwai kuma injinan yanka haƙora na tagulla daga ƙarni na 18 da na 19. Waɗannan na ƙarshe mafi yawa a kan kanta suke ƙarewa don kallo, kuma a nan ne masu tarawa suka rabu gida biyu. Masu ajiya suna son kayan da tsatsarsa da tsohon fentinsa. Masu aiki suna cewa injin da aka kulle a gilashi an hana wani agogo rayuwa ne. Masu aikin sun fi hujja a kan akwatin taɓare da injin WW, waɗanda suna da yawa kuma an yi su ne don a buga a sassaƙa. A kan injin tagulla mai shekara 200 da bai fi 'yan tsiraru a duniya ba, masu ajiya ne ke da gaskiya.

Ƙananan kayan kuwa mai karatu ya riga ya san su. Hantsaki mai tsini, sukundireba mai kai da ke juyawa a ƙarƙashin yatsa, gilashin ƙara girma: duk wanda ya leƙa teburin masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano ya gan su. Daga teburin masu gyaran agogo aka gaje su. Hantsakan kamfanin Dumont na Suwizalan, da aka fara yi don agogo, yanzu masu haɗa kayan lantarki da masu bincike a ɗakunan gwaji ma suna amfani da su.

Mutumin da ya ɓoye injina a saman rufi

Me ya sa tsofaffin kayan nan suka cika kasuwar gwanjo? Ranar 25 ga Disamban 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir da ke ƙirga lokaci da girgizar dutsen kwaz. Cikin shekara goma irinsa ya yi araha, kuma ya fi kowane agogon sifirin daidai. Ma'aikatan agogo a Suwizalan sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na hakan a shekarun 1980. Masana'antu suka rufe, masu gyara suka koma canja batir, kayan aiki suka tafi wurin 'yan gwangwan ko suka kwanta a ɗakin ajiya har jikoki suka fito da su.

A 1975 kamfanin Amurka da ya mallaki Zenith a lokacin ya ba da umarnin daina ƙera agogon sifirin, a kuma rabu da kayan ƙera shi. Wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya rubuta wasiƙa yana roƙon a bar kayan, ba a saurare shi ba. Sai ya riƙa kwashe su a ɓoye, maɗaban ƙarfe da zane-zanen injin El Primero, yana yi wa kowanne lamba, yana kai su saman rufin masana'anta. Bayan kusan shekara goma kasuwar agogon sifirin ta farfaɗo, aka nemi kayan, Vermot ya nuna inda suke. Da wannan injin Rolex ya yi agogonsa na Daytona daga 1988 zuwa 2000. Zanen injin kaɗai ba zai wadatar ba. Sake ƙera maɗaban daga farko zai ci kuɗin da kamfanin ba shi da su a lokacin.

Rigimar kayan gyara ba ta ƙare ba, kuma ba a waya kaɗai take ba. Daga ƙarshen 2015 rukunin Swatch, mai Omega da Longines da Tissot da ma sunan Hamilton a yau, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyara. Ta haka Hamilton na 1945 kan fi wasu sababbin agoguna masu tsada sauƙin gyara a wurin mai gyara na unguwa. A ɓangaren waya, Apple ya sa wa iPhone 4 sukurori masu kai irin fure mai kunne biyar, waɗanda sukundireban kasuwa ba ya kwancewa a lokacin. Sai a ranar 20 ga Yunin 2025 dokar Tarayyar Turai ta fara aiki, wadda ta tilasta wa kamfanonin waya samar da kayan gyara na shekara 7 bayan sun daina sayar da samfuri, da sabunta manhaja na aƙalla shekara 5. Shekara bakwai ce doka ta ƙwato da ƙyar, a kan abin da Elgin ya riƙa yi da kundi da gidan waya tun a ƙarni na 19.

Kuɗi, da tarkunan da ke jiran sabon shiga

Labaran gwanjo kan ruɗi mutane. A Nuwamban 2014 an sayar da agogon aljihun da Patek Philippe ya yi wa attajiri Henry Graves a 1933 kan dala miliyan 24 a Jeniba. A Afrilun 2024 an sayar da Waltham na zinare da aka samu a jikin John Jacob Astor, attajirin da ya mutu a jirgin ruwan Titanic, kan fam miliyan 1.175. Na farko ƙira ce guda ɗaya tilo a duniya, na biyu kuma labarin mai shi aka saya. Waltham ko Elgin na talakawa, mai duwatsu 7, an yi shi miliyoyi, kuma sau da yawa kuɗinsa bai kai na matsakaiciyar waya ba. Kuɗin gyaransa ma kan wuce kuɗin sayensa. Wanda ya shiga harkar don riba, da wuya ya fita da dariya.

Tarko na farko shi ne gidan agogon. A Amurka a da, kamfani ɗaya ke yin inji, wani daban ke yin gida, mai shago ya haɗa wa mai saye. Lambar da ke jikin marfi ta gida ce, ba ta faɗin komai game da injin. Kuma yawancin gidajen masu launin zinare tagulla ce aka lulluɓe da siririn zinare, dabarar da James Boss ya yi wa rajista a 1859. Idan an rubuta garantin shekara 20 ko 25 a cikin marfin, to lulluɓi ne. Na zinare zalla kuwa su ne suka fi shiga haɗari, domin duk lokacin da farashin zinare ya tashi ana narkar da su, a bar injin tsirara.

Tarko na biyu jabu ne, kuma tsoho ne. Tun a ƙarni na 19 wasu masana'antun Suwizalan sun riƙa yin agoguna masu arha da sunaye masu kama da na Amurka. Na zamani sun fi sauƙin ganewa: gidan tagulla mai zanen jirgin ƙasa, da aka shafa wa duhu don ya yi kamar tsoho, cikinsa injin batir. Hannun sakan ya isa shaida. Idan yana tsalle sau ɗaya a sakan, batir ne. Duk mai sayarwa a intanet da ya ƙi nuna hoton injin, a wuce shi.

Tarko na uku ya shafi lafiya. Daga Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa shekarun 1960 ana shafa wa lambobin wasu agoguna, musamman na soja, fenti mai sinadarin rediyam don su yi haske da dare. 'Yan matan da ke wannan aiki a wata masana'anta a Orange ta jihar New Jersey an koya musu tsinanta burushi da leɓe. Da yawa ƙashin muƙamuƙinsu ya ruɓe, suka mutu, kuma ƙarar da biyar daga cikinsu suka shigar ta ƙare da sulhu a 1928. Fentin ya daina haske tuntuni, amma rediyam ɗin yana nan, domin sai ya yi kusan shekara 1,600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Idan lambobin tsohon agogo suna da wani abu mai kauri, ruwan ƙasa ko ruwan ɗorawa, kada a buɗe gilashin, kada a kankare, kada a hura, kuma kada a ajiye shi a ɗakin kwana. Yawancin agogunan jirgin ƙasa ba su da wannan fenti.

Inda waya ke taimakawa, da inda take ɓarna

Waya ta zama ɗaya daga cikin kayan aikin masu tara agogo. Akwai manhajojin da ke sauraron tik-tik ta makirfo, su faɗi sakan nawa agogon ke yin gaba ko baya a kwana. A ɗaki shiru, da makirfon iyafis a jingine da jikin agogon, sakamakon ya isa a san ko yana buƙatar wanki. Kyamarar waya kuma ita ce ke ceton sabon shiga: hoto kafin a cire kowane sukuru, don a san inda zai koma.

Amma kada a haɗa su aljihu ɗaya. Lasifikar waya tana da maganaɗisu, haka ma zoben MagSafe da ke bayan iPhone tun daga iPhone 12, da marfin wasu rigunan waya. Siririn sifirin tsofaffin agoguna na ƙarfe ne. Idan ya kama maganaɗisu sai zagayensa su manne da juna, agogon ya riƙa gudu, wani lokaci mintoci da yawa a kwana. Manhajar kamfas tana iya nuna matsalar: a kusanto da agogon a hankali, idan allurar ta karkata, ya kama. Na'urar cire maganaɗisu ba ta da tsada, aikin sakanni ne.

Wanda ya tsinci tsohon agogo a akwatin kaka kada ya yi ta wana shi don ya ga yana tafiya. Man da ke cikinsa ya bushe, ƙura ta shiga, ga mai zaune inda hunturu ke kaɗawa ƙurar ma ta fi yawa, kuma busasshen mai da ƙura suna cin tsinin kamar sanfefa. Man keke ko kalanzir ko feshin WD-40 ɓata shi za su yi. Man agogo na musamman ne, ɗigon da ake sa wa kowane dutse da bakin allura ake ɗaukarsa.

Mai son koyo kuma bai kamata ya fara da agogon gado ba. Makarantu da yawa suna farawa da injin 6497, wanda kamfanin Unitas ya ƙera a shekarun 1950 don agogon aljihu. Babba ne, kayansa suna ganuwa, kuma kamfanin Seagull na Sin yana yin irinsa mai araha da sunan ST36. Da shi, da hantsaki ɗaya mai kyau, da jerin ƙananan sukundireba, da gilashin ido, da tire mai marfi, aikin ya fara. A shimfiɗa farar takarda a tebur, a kashe fanka, domin ƙananan sifirin da sukurori suna tsalle, kuma wanda ya faɗa ƙasa da wuya a sake ganinsa.